Tarihin Kayan Kwafar Rubutu a Kanel ɗin Linux

Kanel shi ne zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, kuma ba ya aron rumbun kayan aikin da sauran manhajoji ke dogaro da shi. Shi ya sa na Linux ke ajiye nasa ƙananan kayan sarrafa jerin haruffa, da yawansu a fayil ɗin lib/string.c.

Tushen matsalar kwafar rubutu yana cikin harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira a Bell Labs wajen 1972. A C, jerin haruffa ba ya ɗauke da tsawonsa. Sifili ne a ƙarshe ke nuna inda ya tsaya. Tsohon kayan kwafa na strcpy yakan yi ta kwafa har sai ya tarar da sifilin nan, babu ruwansa da girman gurbin da ake zuba rubutun. Idan rubutu ya fi ƙarfin gurbi, sai ya malala kan bayanan da ke kusa, kuma ta wannan ɓaraka masu kutse suka sha shiga. Shi kuwa strncpy yana tsayawa a iyaka, amma idan rubutu ya cika gurbi yakan bar shi babu sifilin rufewa.

A 1998 Todd Miller da Theo de Raadt suka shigar da strlcpy, wanda ke kiyaye iyaka yana kuma rufe rubutu, cikin manhajar OpenBSD 2.4. Linux ta ɗauke shi a 2003. Sai dai yana da lahanin da kanel ba zai iya jurewa ba: domin ya faɗi tsawon rubutun asali, dole ya karanta shi duka, ko da 'yan haruffa kaɗan ake so. In asalin ba shi da sifili, karatun sai ya zarce inda bai kamata ba.

Chris Metcalf ya kawo gyara da strscpy, wanda ya shiga Linux 4.3 a 2015. Ba ya karanta fiye da girman gurbi, kuma idan rubutu ya yanke yakan sanar da kuskure ƙarara. Linus Torvalds, jagoran Linux, ya karɓe shi da gargaɗin kada a bi tsofaffin wurare ana sauyawa ido rufe, gargaɗi mai ma'ana ƙwarai, domin sakamakon da strlcpy da strscpy ke mayarwa ba ɗaya ba ne. Aka bi wuraren sannu a hankali, Kees Cook na cikin jagororin aikin, har aka cire strlcpy gaba ɗaya daga Linux 6.8 a 2024.