Ma'aunin Jin Daɗi da Darasin Unguwar GRA a Katsina

A shekarar 1974 masanin tattalin arziki Richard Easterlin ya nuna cewa arzikin Amurka ya yi ta haɓaka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, amma jin daɗin da mutanenta ke bayyanawa bai ƙaru yadda ya kamata ba. Daga nan masana tattalin arziki suka fara shakkar kuɗin shiga a matsayin ma'auni tilo, suka koma tambayar mutane kai tsaye. Kamfanin Gallup yana sa mutum ya ɗora rayuwarsa a kan tsani mai hawa daga 0 zuwa 10, kuma da amsoshin ake haɗa Rahoton Jin Daɗin Duniya da aka fara fitarwa a 2012. Cikin abubuwan da rahoton ke bayyana bambancin ƙasashe da su akwai kuɗi da lafiya, akwai kuma samun wanda za ka dogara da shi ranar wuya.

Wannan na ƙarshen shi ne GRA ta Katsina ke tilasta mana dubawa. Turawan mulkin mallaka ne suka kafa irin waɗannan unguwanni a wajen ganuwa domin jami'ansu, yau kuma manyan ma'aikata da attajirai ne suka gaje su. Akwai fili da kwalta da rijiyar burtsatse, amma katanga doguwa ce, kuma mai gadi ne ke tsakaninka da maƙwabci. A 2005 wani masanin tattalin arziki, Erzo Luttmer, ya gano, daga bayanan Amurka, cewa jin daɗin mutum na raguwa idan samun maƙwabtansa ya ƙaru alhali nasa na nan yadda yake. Inda ba a sanin maƙwabci sai ta motarsa, wannan gasar ta fi ciwo. A cikin birni kuwa, daga Ƙofar Soro zuwa Rafindadi, zaure da majalisa da adashi da taron suna sukan zame wa mutum jingina.

Sai dai ban yarda a mayar da wannan hujjar yabon talauci ba. Masanin tattalin arziki Amartya Sen ya daɗe yana gargaɗin cewa wanda rashi ya daɗe a kansa yakan rage burinsa har ya ce ya gamsu. Bakatsine zai amsa da alhamdulillahi ko da bai ɗora tukunya ba, domin ladabi ne da imani. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana a 2022 cewa mutum miliyan 133 na cikin talauci mai fuskoki da yawa a Nijeriya, kuma hamdalarsu ba ta goge wannan adadi.

Don haka ina kira ga sashen tattalin arziki na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ya gudanar da bincike unguwa-unguwa, da Hausa, ya haɗa GRA da cikin birni da 'yan gudun hijirar Batsari da Jibiya, ya auna samu da zumunci da tsaro tare.