Ɗai-ɗai (a wasan tanis na mata)

ɗai-ɗai *(suna, namiji)*: rukunin gasar tanis inda mace ɗaya ke karawa da mace ɗaya, raga a tsakaninsu. Kishiyarsa bibbiyu. Tsawon fili mita 23.77 ne, amma faɗinsa 8.23 kawai, domin siraran layukan gefe na 'yan bibbiyu ne. Ƙwallon da ta sauka can ta fita. Ana ƙirga maki 15, 30, 40, kuma wadda ta fara cin zubi biyu cikin uku ita ce gwana. Wasa ne mai gwada zuciya: ba abokiyar da za ta tare miki, gumi na zuba, ke kaɗai za ki gyara kuskurenki.

Maud Watson ce ta fara lashe shi a Wimbledon ta Ingila a 1884. Billie Jean King ta kafa ƙungiyar ƙwararru ta WTA a 1973, Ons Jabeur 'yar Tunisiya kuma ta kai wasan ƙarshe na Wimbledon a 2022 da 2023. A Arewa, gasar Dala ta Kano tana da wannan rukuni. 'Yan matan cikin ganuwar Zazzau ma sun cancanci a ba su fili da mai horarwa.

*Misali:* Daga Ƙofar Doka take hawa mota zuwa Samaru don atisayen ɗai-ɗai.