Yadda wari ya tilasta wa Landan gina magudanan ƙazanta

1/ A lokacin zafin 1858, warin kogin Thames ya kai matakin da 'yan majalisar Ingila ke fita daga ɗakunan taro da hankici a hanci. Cikin kwana 18 suka zartar da dokar da aka yi shekaru ana ja-in-ja a kanta. Ku biyo ni ku ji yadda aka yi.

2/ A 1801 mutanen Landan wajen miliyan 1 ne. Zuwa 1851 sun haura miliyan 2. Gari ya cika ya batse, amma tsarin bayan gida na nan yadda kakanni suka bar shi: ramin masai a ƙarƙashin gida ko a bayansa, in ya cika a kira masu kwasa su zo da dare.

3/ Irin waɗannan ramuka sun kai kusan 200,000. Da masai mai amfani da ruwa ya fara yaɗuwa, sai suka riƙa cika da wuri suna ambaliya. A 1848 aka kafa hukumar magudanai, ta matsa lamba a rufe ramukan, gidaje su haɗa da kwatar gari.

4/ To ai kwatar nan don ruwan sama aka gina ta, kuma kai tsaye kogin Thames take zubawa. Kogin da kamfanonin ruwa da dama ke ɗiba su tura wa mutane a famfo. Wato abin da ya fita daga gidanka, shi zai dawo maka a randa.

5/ Kwalara ta samu wurin zama. A 1832 ta kashe sama da mutum 6,000 a Landan. A 1848 zuwa 1849, sama da 14,000. A 1853 zuwa 1854, sama da 10,000. Unguwannin talakawa ne suka fi ji a jikinsu.

6/ Manyan masana na lokacin sun yi amanna cewa gurɓatacciyar iska ce ke kawo cutar. Wani likita, John Snow, ya ce a'a, ruwa ne. A 1854 ya bi gida-gida a unguwar Soho yana lissafa mamata, ya ga yawancinsu famfon tuƙa-tuƙa ɗaya suke sha, a titin Broad.

7/ Sama da mutum 600 suka mutu a wannan ɓarkewar. An cire hannun famfon, amma hukuma ba ta karɓi bayaninsa ba. Snow ya rasu a watan Yunin 1858, bai ga ranar da aka yarda da maganarsa ba.

8/ Shi kuwa injiniya Joseph Bazalgette, tun 1856 yake riƙe da muƙamin babban injiniyan hukumar ayyukan birnin, kuma zanensa na hannu. Abin da ya hana aiki: wa zai biya, kuma ina za a zubar da ƙazantar? Takarda ta je ta dawo, kwamiti ya miƙa wa kwamiti.

9/ Sai ga zafin 1858. Ruwan kogi ya ja baya, ƙazanta ta fito fili rana na dafa ta. Ginin majalisa kuma a bakin kogin yake daram. Har labule aka riƙa jiƙawa da sinadarin kulorin ana ratayawa a tagogi, a banza.

10/ Jiki magayi. Tunda sun yarda wari ne ke kisa, yanzu rayukansu ne a kan layi. Ranar 15 ga Yuli ministan kuɗi Benjamin Disraeli ya gabatar da ƙudiri, ranar 2 ga Agusta ya zama doka. An ba hukumar damar cin bashin fam miliyan 3, a biya da harajin gidaje cikin shekara 40.

11/ Dabarar Bazalgette: manyan magudanai a ƙarƙashin ƙasa da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da kogin, su tare ƙazanta kafin ta faɗa ciki, su gangara da ita gabas, can bayan gari. Inda gangara ta ƙare, injinan tururi su ɗaga ta sama ta ci gaba da tafiya.

12/ Manyan magudanan kusan kilomita 132 ne, ƙananan na tituna kusan kilomita 1,800. Jan bulo miliyan 318 aikin ya ci. Siminti kuwa sai an gwada ƙarfinsa kafin a karɓa, ɗan kwangila bai isa ya shigo da na banza ba. An buɗe tashar Crossness a 1865.

13/ Gwaji ya zo a 1866. Kwalara ta dawo ta kashe sama da mutum 5,000, akasarinsu a gabashin Landan, inda aikin bai kammala ba kuma kamfanin ruwan yankin ya raba gurɓataccen ruwa. Daga wannan, birnin bai sake ganin babbar annobar kwalara ba.

14/ Aikin bai rasa aibi ba. Ƙazantar dai kogin ake saki, an matsar da ita ƙasa ne kawai. A 1878 jirgin ruwan Princess Alice ya nutse kusa da inda ake sakinta, sama da mutum 600 suka mutu. Bayan haka ne, a shekarun 1880, aka fara tace ta kafin a zubar.

15/ Har gobe magudanan nan na aiki, a birnin da mutanensa suka kai wajen miliyan 9. Sai a 2016 aka fara aikin sabon rami mai tsawon kilomita 25 a ƙarƙashin kogin don rage musu nauyi.

16/ Ku duba lissafin: mutum sama da 30,000 sun mutu, likita ya kawo hujja, injiniya ya yi zane, duk ba a saki kuɗi ba. Ranar da matsalar ta shiga hancin masu sa hannu, kwana 18 ta ɗauka.

17/ A garuruwanmu kusan duk damina sai an ji amai da gudawa, rijiya na maƙwabtaka da masai. Mai hali ya haƙa burtsatse, ya sa sola, ya sayi ruwan roba. Wanda zai saki kuɗin gyaran famfon gari bai san layin 'yan garuwa ba, balle farashin jarka.

18/ Don haka in ɗan takara ya shigo unguwarku neman ƙuri'a, ku tambaye shi: wane ruwa ake sha a gidanka? Nawa aka ware wa hukumar ruwa a kasafin bana, nawa aka saki? Ku faɗa mana a ƙasa, yaushe rabon da famfon unguwarku ya kawo ruwa?