Horon Jiki Mai Sauye-sauye da Lafiyar Mazauna Birni: Nazari a kan Unguwar Arawa, Gombe

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin irin horon da jiki ke buƙata domin ya iya tarar abin da ke faɗo masa ba zato, kamar santsi da tuntuɓe da doguwar tafiyar da ba a shirya mata ba. An ɗauki unguwar Arawa da ke birnin Gombe a matsayin farfajiyar nazari. An auna motsin yau da kullum da wasannin gargajiya na mazauna unguwar da ma'aunin binciken kimiyya. Maƙalar ta gano cewa yawan aiki kaɗai ba ya wadatar da jiki, sai an haɗa da motsi iri-iri, kuma al'adar Hausa tana da kayan wannan horo a hannunta.

Muhimman kalmomi: motsa jiki, daidaiton tsayuwa, langa, tsufa, Arawa.

1.0 Gabatarwa

Tun daga 1 ga Oktoba, 1996, da aka ƙirƙiri Jihar Gombe daga tsohuwar Jihar Bauci, birnin Gombe yake ta faɗaɗa, unguwanni irin su Arawa suna ta cika. Ƙasar garin mai rairayi ce, ruwa na cin ta da sauƙi, shi ya sa zaizayar ƙasa ta daɗe tana damun mazauna. Lungun da aka bi lafiya da rani, da damina sai an tsallake kwata an ratsa taɓo. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin acaɓa da na Keke Napep ya tashi, mutane da dama suka koma takawa a ƙasa da jikin da ya manta tafiya.

A ɗaya gefen kuma, zama ya yi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022 kashi 31 cikin ɗari na manya a duniya, wato kimanin mutum biliyan 1.8, ba sa motsa jiki yadda ya kamata. Tambayar wannan bincike ita ce: wane irin horo ne ya dace da mutumin da bai san abin da hanya za ta kawo masa gobe ba?

2.0 Ra'in Bincike

An ɗora nazarin a kan aikin Nikolai Bernstein, masani ɗan ƙasar Rasha, wanda a shekarun 1920 ya ɗauki hotunan ma'aikata suna dukan ƙarfe da guduma a birnin Mosko. Ya lura cewa ƙwararren maƙeri yana sauke guduma wuri ɗaya, amma kafaɗarsa da gwiwar hannunsa da wuyan hannunsa ba sa bin hanya ɗaya sau biyu. Ke nan ƙwarewa ita ce jiki ya iya cimma manufa ɗaya ta hanyoyi da yawa. A 1975 Richard Schmidt na Amurka ya faɗaɗa wannan tunani, inda ya nuna cewa wanda ya koyi motsi a yanayi daban-daban ya fi iya fuskantar yanayin da bai taɓa gani ba.

3.0 Hanyar Bincike

An bi hanyoyi biyu: bitar sakamakon binciken da aka wallafa a kan motsa jiki da faɗuwa, da kuma lura da yadda mutane ke amfani da jikinsu a gida da lungu da masallaci da wurin sana'a.

4.0 Sakamako da Tattaunawa

4.1 Wahala daban, horo daban

Ɗan ga-ruwa da ke tura kura cike da jarkoki yana aikin ƙarfi, amma motsi ɗaya yake nanatawa daga safe zuwa yamma, bayansa a duƙe. Tela da direban Keke da mai shago suna wuni a zaune. Dukansu suna komawa gida a gajiye, kuma idan aka yi musu zancen motsa jiki, amsar ita ce, "Ai wahalar da nake sha ta isa." Gajiyar gaskiya ce, sai dai gaɓoɓin da sana'a ba ta taɓawa suna sandarewa a hankali. A cikin gida ma injin niƙa ya rage daka da surfe, kujera ta rage zaman tabarma. Sauƙi ne da ba a raina shi, amma ya tafi da tsugunno da miƙewa da juya ƙugu waɗanda mata ke samu ba tare da sun kira su atisaye ba.

4.2 Tashi daga ƙasa

A Burazil, Claudio Gil Araújo da abokan aikinsa sun gwada mutum 2,002 masu shekara 51 zuwa 80: a zauna a ƙasa, a tashi, ba tare da dafa komai ba. Sakamakon da ya fito a 2012 ya nuna cewa waɗanda suka fi kasawa sun ninka waɗanda suka fi iyawa haɗarin mutuwa sau biyar zuwa shida a shekarun da aka bibiye su. Gwajin alama ce ta ƙarfin tsoka da laushin gaɓa da daidaito, waɗanda su ne ke raguwa a ɓoye.

Mutumin Arawa ya san wannan ma'auni tun kafin a rubuta shi. Sallolin farilla raka'a 17 ne a yini, da sujada 34. Salla ibada ce, ba don atisaye ake yin ta ba, amma a sahu ake fara ganin canji: dattijon da ke tashi daga sujada kai tsaye ya fara dafa gwiwa, daga baya ya dafa bango, wata rana a kawo masa kujera. Tsakanin dafa gwiwa da kujera akwai shekarun da horo zai iya yin amfani a cikinsu.

4.3 Langa da gaɗa

A wasan langa, yaro yana kama ƙafa ɗaya ta baya da hannu, yana tsalle da ɗayar, abokan hamayya suna bangazarsa ta inda bai zata ba, shi kuma yana kare ruwa, wato abokin wasan da ɓangarensu ke tsarewa, ko yana neman kayar da wani. Idon sawu da ƙugu da ido da ƙwaƙwalwa duk suna gyara tsayuwarsa a kowane tsalle, kuma ba tsalle biyu da ke zama ɗaya. Wannan shi ne ainihin abin da Bernstein ya bayyana. A gaɗa kuwa, yarinya takan saki jiki ta faɗa baya, ƙawayenta su tare ta su cilla ta sama ta dira da ƙafafunta. Tana koyon dira, tana kuma koyon amincewa da mutane.

Muhimmancin tsayuwa da ƙafa ɗaya ya fito a wani binciken na Araújo a 2022, a kan mutum 1,702 masu shekara 51 zuwa 75. Kimanin ɗaya cikin biyar sun kasa yin daƙiƙa 10, kuma haɗarin mutuwarsu ya ɗara na sauran da kashi 84 cikin ɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum 684,000 a shekara, fiye da kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Abin ƙarfafa gwiwa shi ne bitar bincike da ƙungiyar Cochrane ta yi a 2019 ta nuna motsa jiki yana rage yawan faɗuwar tsofaffi da kimanin kashi 23 cikin ɗari.

5.0 Shawarwari

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta 2020 ta tanadi minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako ga manya, da ƙarfafa tsoka kwana biyu, da horon daidaito kwana uku ga masu shekara 65 zuwa sama, da minti 60 kullum ga yara. A Arawa ana iya cika wannan ba tare da sayen na'ura ba. Makarantun firamare da Islamiyyu su ware lokacin langa da tsallen igiya, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Masu sana'ar zama su riƙa miƙewa suna tsugunnawa tsakanin aiki. Mata su haɗu a tsakar gida cikin sutura da sirri. Tsofaffi su yi tashi-zauna da tsayuwa da ƙafa ɗaya kusa da bango, da wani a gefe. Mai hawan jini ko ciwon suga ko ciwon gwiwa ya fara neman shawarar likita, kuma a watannin Maris da Afrilu a zaɓi sanyin safiya. Masana a Jami'ar Jihar Gombe da Asibitin Koyarwa na Tarayya suna da damar auna tasirin irin wannan shiri a unguwa.

6.0 Kammalawa

Binciken ya nuna cewa jikin da ke jure rayuwar da ba ta da tabbas shi ne wanda ya saba da motsi iri-iri, ana canja masa wuri da nauyi da sauri. Sana'a ɗaya ba ta bayar da wannan, kuma zaman birni yana rage shi. Abin da ya rage ga iyaye da malamai da ma'aikatan lafiya shi ne su maido da shi da gangan, su fara da yara a filin makaranta da dattawan da har yanzu suke iya tashi daga tabarma da kansu.