Balaga Biyu: Bin Sawun Wasu Kalmomi daga Ambursa

Ranar da na je Ambursa gaida tsohuwarmu, lokacin yankan shinkafa a fadama, na tarar ana wata ƙaramar shari'a a tsakar gida. Wanda ake tuhuma ɗan ƙanwata ne, ɗan shekara 15. An aike shi ya kai wa masu bugun shinkafa fura, sai aka tsince shi a gindin wata bishiya bayan gari, ƙwaryar fura a gefe ta tsinke, shi kuwa ya buɗe bayan littafin lissafinsa yana rubutu. In jirgi ya tashi daga filin jirgin sama na Sa Ahmadu Bello sai ya ɗaga kai ya raka shi da ido.

Uwarsa ta ce rawar kai ce. Ubansa ya ce mutuwar zuciya ce. Tsohuwa tana jan tasbaha, ta bari kowa ya gama, sannan ta yanke hukunci da Hausarmu ta yamma: "Ku ƙyale shi, tashen balaga na."

Da dare na same shi a zaure. Na ce, "Mi kaka rubutawa haka?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komi, Kawu." Sai da hira ta yi nisa ya shiga ɗaki ya zaro littafin daga ƙarƙashin matashin kai. Waƙa ce, baiti goma sha biyu, 'yar tagwai, amsa-amonta yana ɗingishi nan da can. Magana take a kan wani kwalekwale da aka ɗaure a bakin gulbi, ruwa yana wucewa kullum, shi kuwa igiya ta hana shi bi. Tun daga farko har ƙarshe babu inda ya ce "ni". Matashi ya ɓoye sirrinsa a ƙarƙashin matashi, a cikin waƙar ma ya sake ɓoye kansa a cikin kwalekwale.

Tun daga daren nake juya sunaye uku da aka ba halinsa, har suka ja ni ga tambayar da ta fi su: shi kansa yaron, da abin da ke cikinsa, da abin da ya rubuta, me Hausa take kiran kowannensu?

Bature daga lissafi ya samo tasa kalmar. Lambobin 13 zuwa 19 duk da gaɓa ɗaya suke ƙarewa a Ingilishi, sai aka ɗauki gaɓar aka raɗa wa masu waɗannan shekaru suna teenager, kalmar ta bazu a Amurka cikin shekarun 1940. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta shata nata layin daga shekara 10 zuwa 19. Bahaushe bai damu da ƙidayar shekara ba, jiki yake duba da aiki. Shi ya sa "yaro" ba ya da iyaka: mai furfura ma yaron wani ne in yana yi masa hidima. "Saurayi", wanda ake ji a bakin Sakkwatawa da "sarmayi", aure ne ke kawo ƙarshensa. Da ya yi aure ya zama magidanci, in ya daɗe bai yi ba ya koma tuzuru. Ta ɓangaren mata ma haka, ƙwaila ce ta zama budurwa, budurwa ta zama amarya. Duk sunayen nan awon tazara suke yi tsakanin mutum da ɗakin aurensa.

Ɗaya ma'aunin kuwa ƙarfi ne. Sarkin samari shi ke tara 'yan gayya, shi ke kai su gyaran hanya da yaɓen masallaci. A kan wannan tsohon tsari gwamnatin Seyni Kountché ta Nijar ta gina ƙungiyoyin Samariya bayan 1974. "Matashi" kuma, daga "tashi", rediyo da siyasa ne suka ɗaukaka shi, suka kuma ja shi kamar danƙo. Manufar matasa ta Nijeriya ta 2019 ta ce shekara 15 zuwa 29, yarjejeniyar Tarayyar Afirka ta kai shi 35, a ofishin jam'iyya kuwa sai ka ga shugaban matasa yana aurar da 'yarsa.

Malaman zaure ne suka fi kowa tsayar da iyaka. A wurinsu akwai baligi, akwai mukallafi, wato wanda shari'a ta ɗora wa nauyi. A mazhabar Malikiyya alamomin jiki ake dubawa, in ba su bayyana ba sai a jira shekara 18. Littafin Ahalari, da kusan kowane ɗan makarantar allo yake farawa da shi a fiƙihu, da wajiban mukallafi ya buɗe. Iyaye suka taƙaita wannan duka a magana ɗaya: alƙalami ya hau kansa.

To ka ga sunayen duk daga waje aka hango yaron: ya isa aure ko bai isa ba, ya isa gayya ko bai isa ba, ana rubuta masa zunubi ko ba a rubutawa. Kalmar tsohuwa ce kaɗai ta ɗan leƙa ciki, ita ma da sassauci irin na wanda ya san abin zai wuce. Ai "tashe" ba ya zama. Tashen azumi daga goma ga wata yake farawa, kafin salla an watse. Mawaƙin da ke tashe bana, baɗi wani ne. In aka ce tashen balaga, an yi wa yaro uzuri, amma an kuma ce kada a ɗauki abin da yake ji da nauyi.

Wani zai zaci Hausa ba ta da kalmomin abin da ke ƙunshe a ƙirji, ganin yadda masu fassara suke ta ƙirƙiro "motsin rai" da "sosuwar zuciya", waɗanda ban taɓa ji a bakin tsohuwarmu ba. Alhali rumbu ne cike. Bahaushe ya raba abin gida huɗu. Akwai ciki, mai canza launi: farin ciki, baƙin ciki. Akwai rai, mai ɓaci, mai sosuwa, mai yin fari. Akwai hankali, mai tashi da kwanciya kamar ƙura. Sannan akwai zuciya, wadda ake magana a kanta kamar wata halitta daban da ke zaune a jikin mutum. Tana raya masa abu, tana saƙa, tana ɗibarsa ta kai shi inda bai yi niyya ba, har aka yi mata kirari da mugun nama. A nan ɗan shekara 15 yake shiga tsaka mai wuya. In ya ture kwanon tuwo don an yi masa faɗa, a ce ya yi zuciya. In ya zauna shiru yana kallon sama, a ce zuciyarsa ta mutu. Ana zarginsa da yawanta, ana zarginsa da rashinta, wani lokaci a yini ɗaya.

Dubi kuma yadda harshen ya rarrabe abubuwa masu kama da juna. Haushi yana da wanda ya jawo shi, takaici kuwa haushi ne da ba ka da yadda za ka yi da shi. Fargaba ta abin da ke tafe yanzu ce, zullumi na kwana da kwanaki ne. Ɗoki yana sa ka kasa barci, zumuɗi yana sa ka yi ɓarna. Kewa ta abin da ka saba da shi ce ya tafi, bege kuwa yana iya zama na abin da ba ka taɓa gani ba. Yaron kwalekwale bege ne ke damunsa, na wani wuri da bai san sunansa ba.

Kalmomi ga su birjik, izinin faɗarsu ne babu. An tarbiyyantar da mu a kan kunya da kara, a ƙasar Gwandu kuma aka ƙara da fulako, wanda muka aro daga pulaaku na Fulani: kada ka nuna yunwa, kada ka nuna so, kada ka nuna ciwo. Ana yabon mai zurfin ciki, ana cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Tarbiyya ce mai kyau, ta hana mu zubar da mutunci a kasuwa. Sai dai yaron da ya koyi amsa kowace tambaya da "lafiya lau" yakan girma da ita ko da ba lafiyar, kuma abin da likitoci suke kira ciwon damuwa a irin wannan shirun yake samun wurin kwana. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to ina wanda aka koya wa fuskarsa ita ma ta yi shiru?

Magabata sun bar ƙofa ɗaya a buɗe, ita ce waƙa. Abin da budurwa ba ta isa ta faɗa wa ubanta ba game da mijin da aka zaɓa mata, a waƙar gaɗa take faɗa a dandali, ƙawaye suna tafi suna amshi, kowa ya ji, ba wanda zai ce ta yi rashin kunya. Saurayin da ba ya iya haɗa ido da yayansa, in ya shiga filin kokawa sai ya ɗaga hannu ya yi wa kansa kirari har ya kira kansa dodo. Dandali ya yi rauni a garuruwa da yawa, amma buƙatar tana nan. Ta koma bayan littafin lissafi, ta koma WhatsApp da Facebook.

Ita ma kalmar "waƙa" akwai magana a kanta. A ƙasar Sakkwato da Gwandu tsofaffi sukan bambanta waƙa, ta makaɗa da dandali, da waƙe, na malamai, wanda ake rubutawa da ajami a rera ba kiɗa. Wannan yanki gidan waƙe ne. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829 aka rufe shi a Gwandu, tun yana saurayi yana bin yayansa Shehu yawon wa'azi yake tsara ƙasidu, daga baya ya tara su a Tazyinul Waraƙati. Nana Asma'u ta zuba baƙin cikinta na rashin 'yan'uwa da aminai a cikin marsiyyoyi. Alhaji Aƙilu Aliyu, mai Fasaha Aƙiliya, a Jega aka haife shi a 1918. Jigogin da aka gada daga wannan gida sanannu ne: wa'azi, gargaɗi, madahu, marsiyya, ilmantarwa. Hawaye sun sami hanya ta marsiyya, shauƙi ya sami hanya ta begen Annabi. Amma in aka zo kan matasa, yawanci babba ne ke magana, yaro yana saurare.

Sunayen da muke ba waƙar da ake yi don tayar da matashi ma sun nuna haka. Zaburarwa daga doki aka ɗauko ta, mahayi ya sa ƙaimi, doki ya zabura. Zuga daga maƙera take, a hura zugazugi har ƙarfe ya yi ja. Ƙarfafa gwiwa kuwa ga wanda ya gaji da tafiya ake yi. Kowacce akwai mai yi, akwai wanda ake yi wa, kuma matashi shi ne dokin, shi ne ƙarfen. Abin da ɗan ƙanwata ya rubuta bai shiga ko ɗaya ba. Bai yi wa kowa wa'azi ba, bai ambaci wata budurwa ba balle a ce soyayya. Zancen zuci ne aka yi masa kari da amsa-amo. Ni dai waƙar zuci nake kiranta, kafin masana su samo sunan da ya fi.

Da na koma kan kalmar tsohuwa sai na ga ta faɗi fiye da abin da ta nufa. "Balaga" biyu ce a Hausa, rubutun boko bai raba su ba, a baki ne ake jan wasalin tsakiya na ta biyun. Ta farko ita ce isa mizanin manya. Ta biyu ita ce ilimin iya magana, wanda ɗaliban zaure suke karantawa bayan nahawu. Dukansu daga saiwa ɗaya suke a Larabci, mai ma'anar isa ko kaiwa, wadda ta ba mu "tabligi", isar da saƙo. Jiki ya isa, an ce ya balaga. Magana ta isa zuciyar mai sauraro, an ce ta yi balaga. Wani abin sha'awa, Abdurrahman al-Akhdari, malamin Aljeriya na ƙarni na 16 wanda muke kiran littafinsa Ahalari, shi ne kuma ya tsara Jauharul Maknun a ilimin balaga, a waƙe. Hannun da ya rubuta wa baligi wajibansa shi ya rubuta masa yadda ake isar da magana.

Balagar farko ba ta neman izinin kowa, tana zuwa da kanta, da muryar da ta fashe da wandon da ya ɗage. Ta biyun koyonta ake yi, kuma tana bukatar mai saurare. Tsakanin su biyun ne yaro yake zama kamar kwalekwalen nan: abin da ke cikinsa ya girma, harshensa bai kai ba. Ranar da alƙalami ya hau kansa, in shi ma ya ɗauki alƙalami, ƙoƙari yake ya sa ta biyun ta cim ma ta farko.

Da safe na karanta wa tsohuwa baitocin, ba tare da na faɗi mai su ba. Ta ajiye tasbaha ta saurara har ƙarshe, ba ta tambaye ni ba. Can sai ga shi ya fito da ƙwaryar fura zai nufi fadama, littafin a naɗe cikin aljihu. Ta kira shi da sunan da take kiransa na wasa, mai gidana, ta ce, "Kai musu hurar tukuna, kada ta tsinke awa ta jiya. In ka dawo, ka zo ka rera min waƙen ga naka da bakinka."

Waƙe ta ce, ba waƙa ba. Ya fita bai amsa ba, amma ranar fura ta isa fadama da sanyinta.