Daga Kara Zuwa Tukunyar Gas: Tafiyar Wuta Zuwa Madafinmu

Jama'a, duk wanda ya tashi a Rogo Ruma irina ya san cewa da karan dawa da itace aka raine mu. Har gobe ina tuna Inna durƙushe gaban murhu da damina, itace ya jiƙe, tana hura wuta idonta na zubar da hawaye. Daga baya risho ya shigo gidajen malaman makaranta da ma'aikata, har zuwa 2016 da gwamnati ta janye tallafin kananzir, ya fi ƙarfin talaka. Yanzu kuwa ƙaramar tukunyar gas ta shiga kayan ɗakin amare. To, daga ina wannan iska take zuwa?

Sai mu koma 1956, lokacin da aka gano man fetur a Oloibiri, can yankin Neja Delta. Tare da man iskar gas ke fitowa daga ƙasa, amma shekara da shekaru ƙone ta kawai ake yi a sararin sama, domin babu hanyar kai ta ga masu bukata. Ita iska ba a ɗurawa a garwa. Ko dai a matsa ta cikin bututu, ko a sanyaya ta har ta koma ruwa a zuba a jirgin ruwa. A 1989 aka kammala bututun Escravos zuwa Legas, wanda ya ciyar da tashar lantarki ta Egbin da masana'antun Kudu. A 1999 kuma kamfanin NLNG da ke Bonny ya fara loda wa jirage zuwa Turai. Wato gas ɗinmu ya riga ya isa Turai tun bai isa Kano ba, a daidai zamanin da masaƙun Bompai da Sharada da Challawa ke rufewa ɗaya bayan ɗaya, rashin wuta na cikin abin da ya karya su.

Sai ranar 30 ga Yuni, 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614 da faɗin inci 40. An ce shekara biyu zai ɗauka, amma sai a 2025 aka iya ratsawa da shi ta ƙarƙashin Kogin Neja. Shi ne kuma ake son ya zama sashen farko na wanda zai keta Nijar da Sahara har Aljeriya.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Iskar bututu daban, ta tukunyar girki daban. Ta bututu don tashoshin lantarki da masana'antu da takin zamani aka tanade ta. Ta girki kuwa a tankoki ake ɗauko ta daga rumbunan Kudu zuwa Kano, dillalai su sara, kafin ta iso shagon mai cika kilo-kilo a Karaye ko Rogo. Kowace mota da ta hau, kuɗinta na kan mai saye. Shi ya sa bayan cire tallafin fetur a 2023 na ga gidajen da suka jingine tukunya suka koma gawayi, bishiyoyin gonakinmu suka biya bashin.

Don haka ni ban sa rai bututu zai shigo madafin Inna ba. Fatana shi ne ya tayar da masana'antun Kano, yaranmu masu tafiya ci-rani su samu aiki kusa da gida, har su iya cika wa iyayensu mata tukunya ba tare da fargaba ba. Hawayen hayaƙin nan ya isa haka. Allah Ya nuna mana.