Amitriptyline, wato Laroxyl: iyakar da ba a ƙetarewa wajen shansa

Amitriptyline magani ne da aka fara amfani da shi a Amurka a 1961 don ciwon damuwa mai tsanani. Daga baya likitoci suka gano yana rage ciwon jijiya, irin zogi da raɗaɗin tafin ƙafa da ke damun masu ciwon suga, yana kuma rage yawan tasowar ciwon ɓarin kai. Akan rubuta shi ga mai damuwar da ta haɗu da fargaba da rashin barci. Yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. A farmasin ƙasashe masu amfani da Faransanci an fi saninsa da Laroxyl.

Magani ne mai amfani, amma tazarar da ke tsakanin abin da ke warkarwa da abin da ke cutarwa ba ta da faɗi. Shi ya sa ba a sha sai da takardar likita.

Miligiram nawa?

Don ciwon jijiya ko ɓarin kai, babban mutum kan fara da miligiram 10 zuwa 25, sau ɗaya da dare, awa ɗaya ko biyu kafin kwanciya. Likita ne ke ƙarawa kaɗan-kaɗan. Yawancin mutane kan tsaya tsakanin 25 da 75 a yini.

Don ciwon damuwa adadin ya fi haka. Akan fara da wajen 50 a yini, iyakar da aka saba ga mai jinya a gida kuwa 150 ce. To, a lura: wannan 150 ba ta mai ciwon ƙafa ba ce.

Dattijo da ya haura shekara 65 da mai ciwon hanta ana fara masu da mafi ƙanƙanta, don maganin yana daɗewa a jikinsu.

A karanta kwali, kar a ƙirga ƙwaya

Nan ne kuskure ya fi yawa. Akwai ƙwayar miligiram 10, akwai ta 25, akwai ta 50. Wanda ya saba shan ƙwaya biyu ta 25, in aka kawo masa ta 50 ya ci gaba da shan biyu, ya ninka ke nan bai sani ba. Laroxyl na ruwa kuma ɗigo ake ƙirgawa, kowane ɗigo miligiram 1 ne. Ba a auna shi da cokali ko murfin kwalba.

Ƴan uwa da ke waje masu aiko wa iyaye magani, don Allah ku nemi hoton takardar likita tukuna. In saƙon ya iso, a kai shi CSI ko farmasi a duba kafin a sha. Na masu talla a kan tire cikin rana kuwa, a bar masu abinsu.

Ba ya aiki nan take

Barci kan zo tun daren farko, amma sauƙin ciwo sai bayan mako 2 zuwa 4, wani lokaci har 6. Ƙara ƙwaya ba ya gaggauta shi. In an manta ba a sha ba, kar a haɗa biyu washegari. Wanda ya daɗe yana sha kuma kar ya yanke rana ɗaya, likita zai rage masa sannu a hankali.

Abin da ba a haɗa shi da shi

Tramol da amitriptyline ba sa zama ciki ɗaya lafiya: haɗin na iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, zazzaɓi da ruɗewa. Giya da ƙwayoyin barci su ma haka, suna danne numfashi. Wanda bai daɗe da samun bugun zuciya ba, ko zuciyarsa ba ta bugawa daidai, ba ya shan shi. Mai farfaɗiya, mai hawan jinin ido, dattijon da fitsari ke yi wa wuyar fita, mai ciki da mai shayarwa, su faɗa wa likita kafin ya rubuta.

Bushewar baki, taurin bayan gida da jiri in an miƙe da sauri abubuwa ne da aka saba gani. Yana kuma rage gumi, don haka a zafin Afrilu da Mayu a riƙa shan ruwa, a nemi inuwa. Ɗan kabu-kabu da direba kar su hau hanya in suna jin magagi.

In an sha fiye da kima

Alamomin su ne barci mai nauyi, ruɗewa, zuciya na dukan uku-uku, jijjiga ko suma. A garzaya asibiti mafi kusa tare da kwalin, ko da mutumin yana magana daidai, don zuciya na iya rikicewa bayan ƴan awoyi. Kar a sa shi amai, kar a tsaya ba shi nono ko jiƙo. Ƙwayoyi ƙalilan sun isa su hallaka ƙaramin yaro, saboda haka a kulle maganin inda hannunsa ba ya kaiwa.

A makonnin farko, musamman ga matashin da bai kai shekara 25 ba, damuwar na iya ƙaruwa kafin ta lafa. In ya fara zancen ya gaji da rayuwa, kar a ɗauka wasa ne. Wani babba a gidan ya riƙe maganin yana ba shi na kowane dare, a kuma koma wurin likita a ranar.